Yadda Ake Zaɓen Tsarin Lissafi ga Ruwa Mai Tafiya a Hankali

Mas'alar da ke fara tare duk wanda ya nufi kwaikwayon gudun ruwa ko iska a kwamfuta ita ce, shin gudun mai natsuwa ne, yana tafiya sahu-sahu, ko kuwa mai hargitsi ne; kuma galibin almajiran wannan fanni, da zarar sun ga tafiyar a hankali take, sai su yanke hukuncin natsuwa, alhali kuwa sauri shi kaɗai bai isa hujja ba.

Abin da ya wajaba tun ba a kunna kwamfuta ba shi ne a ɗauki alƙalami a fitar da adadin Reynolds, wanda ya ci sunan Osborne Reynolds, malamin Manchester ta Ingila da ya bayyana a 1883 yadda zaren rini ke wargajewa cikin bututun gilashi idan gudu ya ƙaru. Ƙa'idarsa ita ce a ninka sauri da faɗin bututu, a raba da kaurin abin da ke gudana. Ga ruwan da ba zafi ba sanyi kuwa, ya wadatar a ninka saurin da faɗin, duka da ma'aunin mita, sannan a ninka da miliyan ɗaya. Cikin bututu, ƙasa da 2,300 natsuwa ce, sama da 4,000 hargitsi ne. Ruwa mai tafiyar santimita 10 a daƙiƙa, wanda ido zai ce rarrafe yake yi, adadinsa 1,000 ne a bututu mai faɗin santimita 1, amma a mai santimita 5 ya kai 5,000.

Daga nan sai a dubi siffar wurin, domin haddin nan na bututu ne kawai. A kan shimfiɗaɗɗen allo sai wajen 500,000 hargitsi yake kankama.

Idan natsuwa ta tabbata, a bar tsarin lissafin hargitsi a kashe, saboda yana ƙara wa ruwa wani kauri na ƙage, wanda zai kumbura ƙiyasin gogayya da bango ba bisa haƙƙi ba. Idan hargitsi ne, ga tsarin k-epsilon na Launder da Spalding na 1974, wanda ya fi dacewa nesa da bango, ga kuma SST na Menter na 1994, wanda ni dai shi nake fifitawa a gudun da ba shi da ƙarfi, da sharaɗin a ƙanƙanta idanun ragar lissafi dab da bango.

Tsakanin 2,300 da 4,000 ɗin nan ne wurin shubuha, kuma mafita ita ce a gwada lissafin natsuwa da na hargitsi duka biyun a auna su da sakamakon gwaji na zahiri. Sai dai a kiyaye: idan lissafin natsuwa ya ƙi zama wuri guda, ba lalle hargitsi ba ne, domin ruwan da ya gifta sanda yakan fara sakin guguwoyi dama da hagu tun adadin yana wajen 47, alhali yana cikin natsuwarsa, kuma maganin wannan shi ne a sake lissafin yana bin lokaci daƙiƙa bayan daƙiƙa.