Kafin ka ce yaron shagonka ɓarawo ne

Aikina binciken littattafan kuɗi ne na shaguna da ƙananan masana'antu a Kano, kuma ba a cika kirana ba sai ɓarna ta riga ta auku. Haka aka kira ni wani gidan burodi kwanakin baya, bayan an kai yaron da ke karɓar kuɗin ciniki wajen 'yan sanda, har ya kwana a tsare.

Shekara shida yaron nan yana gidan. Da wankin gwangwani ya fara, ya koma ƙirga wa masu shayi da 'yan talla kaya, daga baya aka damƙa masa kuɗi saboda an yaba da amanarsa. Ba a taɓa yanka masa albashi ba, sai kuɗin abinci da na mota, da alkawarin baka cewa in lokaci ya yi za a sallame shi da jari. Da giɓi ya fara fitowa, Alhaji mai gidan burodin bai nemi mai lissafi ba. Wajen mai duba ya tafi, aka buga masa ƙasa, aka ce ɓarawon yana kusa da kuɗi. Ai ko yaron goye zai iya faɗin haka. Amma a kan wannan maganar aka zubar da mutuncin ɗan mutane.

Da na karɓi littafin, raina ya ƙara ɓaci. Ba a rubuta buhu nawa aka kwaɓa a rana ba, balle burodi nawa ya fito, nawa ya ƙone, nawa masu shayi suka dawo da shi. Alhaji yana ɗibar kuɗin cefane a cikin ciniki, uwargida tana aiko yaro a ba ta, ba mai rubutawa. Kuɗin da masu saye ke turowa ta waya asusu uku suke shiga, ɗaya na manaja ne na kansa. Manajan ƙanin uwargida ne, shi ke riƙe da makullin sito. Da na gwada takardun sayen fulawa da sukari da abin da tanda za ta iya gasawa, sai ga shi buhuna suna fita ta baya tun kafin su kai wajen kwaɓi.

Duk ma'aikatan sun sani. Na tambayi babban mai kwaɓi me ya hana su faɗa, ya ce, "Malam, wa zai kai ƙarar surukin maigida? Wanda ya taɓa gwadawa, sati bai yi ba aka kore shi." Ga kuma wata ɗabi'a da na tsana: duk watan da aka yi giɓi, sai a raba shi a kan albashin kowa. Hakan ya raba su gida biyu, masu aikin dare na zargin masu aikin rana, har ba sa gaisawa. Alhaji yana ganin wannan gabar ya ce yaran zamani ne ba su da tarbiyya.

Na ajiye masa lissafin a gabansa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, a rufa asiri, maganar gida ce." Yaron da aka tona wa asiri a gaban unguwa fa? Bai dawo ba, ba sallama, ba ko ban haƙuri, kuma har yanzu akwai masu nuna shi da baki.

Ga shawarata ga masu shago: hannu ɗaya a kuɗi, asusu ɗaya na kasuwa. Mai makullin sito kada ya zama shi ke rubuta littafin sito. Ɗan'uwan da ba za ka iya yi wa faɗa ko ka kora ba, kada ka ba shi muƙami, ka taimake shi daga aljihunka. Kai ma maigida, in ka ɗiba ka rubuta.

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Sashe na 5 ya hana yanke albashi saboda asara sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce, shi ma sai asarar ta fito daga ganganci ko sakacin ma'aikacin kansa. Wasu na ce mini mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Gaskiya ne, amma wannan bai ba ka damar ka bar mutum ba albashin da aka yanka ba.

Ku daina zuwa wajen masu duba a kan maganar kuɗi. Ku daina yarda da masu sayar da kyamara da ke cewa ita ce maganin sata, kyamara ba ta ƙirga buhu. Ku rubuta, na ce ku rubuta. Alkawarin sallama musamman: shekara nawa, jari nawa, su wa suka shaida. Na ga inda maigida ya rasu, magada suka rufe shago suka ce wa yaron da ya yi shekaru yana masa hidima ba su san da wannan zancen ba.