Mai Juya Layi: Daga Tashar Kafancan Zuwa Shafin Intanet

Mai karatu, ko ka taɓa lura cewa idan ka latsa wata wasiƙa a Gmail, adireshin da ke saman burauza yakan canza, amma shafin ba ya yin fari ya sake lodi? Wannan 'yar maƙala za ta yi tsokaci ne a kan dalilin haka, da kuma sunan da ya dace mu laƙaba masa.

Ni dai a Kafancan na tashi, garin da ya zama mahaɗar jiragen ƙasa tun 1927. A wancan lokacin, jirgin da ya taso daga Fatakwal, a nan ake karkatar da shi Kaduna ko Jos. Ba sai an aika Legas neman izini ba. Ma'aikacin da ke tashar ne yake juya layin.

A da, duk latsawa sai ta je ga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye shafin, ta turo sabon shafi sukutum. Manhajojin da ake ginawa da React, wadda Facebook ya saki a 2013, ko Vue ta 2014, sun sha bamban. Su ɓangarori ne aka harhaɗa: kan shafi daban, jerin zaɓi daban, cikin shafi daban. Da ka latsa, wani ɗan shiri na JavaScript da ke cikin burauzarka ne zai sauya adireshin, ya duba ɓangaren da ya dace da shi, ya ɗora. Kan shafin yana nan daram, sai bayanai kaɗan ake nemowa. Wannan shirin nake ganin mu kira shi "mai juya layi".

Amma fa yana da tarko. Na taɓa haɗa ɗan ƙamus na kalmomin Hausa da Tyap. Komai lafiya lau, sai wata 'yar ajinmu ta sabunta shafin kalmar "ruwa", ta ga 404. Ashe sabuntawa takan tsallake mai juya layi ta tafi kai tsaye wurin uwar garke, ita kuwa ba ta san wannan adireshin ba. Sai da na umarce ta da ta riƙa miƙa shafin farko ga duk adireshin da aka nema.

Sannan lodin farko yana da nauyi. A ƙauyukanmu da sabis ke rawa, gara a rarraba shirin, kowane ɓangare ya sauko lokacin da aka buƙace shi.