Ikon Cin Gashin Kai ba tare da Ƙasa ba: Nazari a kan 'Yan Asalin Kanada Mazauna Birane

1.0 Gabatarwa

Dokar Indiyawa ta 1876 ta ɗora tsarin mulkin 'yan asalin Kanada a kan keɓaɓɓun filayen da gwamnati ta ware musu. Kowace ƙungiya tana da shugabanta da majalisarta, kuma ikonsu yana tsayawa ne a iyakar filin. Sai dai ƙidayar 2021 ta nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke da rajista a ƙarƙashin wannan doka ba a filayen suke zaune ba. Wannan maƙala ta duba tambaya guda: wa ke da ikon yi wa waɗannan mutane shugabanci?

2.0 Hanyoyi Biyu

Hanya ta farko ita ce a ɗaure mutum da mahaifarsa. A shari'ar Corbiere ta 1999, Kotun Ƙolin Kanada ta soke sharaɗin da ya hana 'yan ƙungiyar Batchewana mazauna waje jefa ƙuri'a a zaɓen majalisarsu, ta ce wariya ce. Hukuncin ya mayar musu da murya a gida, amma bai warware komai ba a inda suke kwana suke tashi. Majalisar da ke nesa ba ita ke kula da makarantar ɗansu a birnin Winnipeg ba.

Hanya ta biyu ta fito ne daga rahoton Hukumar Bincike ta Sarauta na 1996, wanda ya ba da shawarar mazauna birni daga ƙabilu daban-daban su haɗu bisa ra'ayin kansu, su riƙa tafiyar da ilimi da lafiya da gidaje. Wannan iko ne a kan mutane kawai. Mai nazarin Hausa zai tuna da Sarkin Zango a Kumasi, amma kamancen bai yi nisa ba: Bahaushe baƙo ne a Kumasi, Winnipeg kuwa tana kan ƙasar kakannin waɗannan mutane, wadda yarjejeniyar 1871 ta shafa.

A ganin mai wannan maƙala, raunin hanya ta biyu kuɗi ne. An daɗe gwamnatin tarayya da larduna suna tura wa juna nauyin mazauna birane. Shari'ar Daniels ta 2016 ta tabbatar da cewa al'ummar Metis da Indiyawa marasa rajista suna ƙarƙashin hurumin tarayya, amma ba ta tilasta wa tarayyar yin wata doka a kansu ba.