Mu Ne Na Ƙarshen Ji a Asibitinmu

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani babban asibitin gwamnatin jiha, kuma yawanci aikin dare nake yi a ɗakin yara. Duk canjin da za a yi, mu ne na ƙarshen ji. An ƙara kuɗin kati, sai a bakin mahaifin wani yaro na ji, yana ta zazzaga mini masifa. An canja tsarin karɓo magani, ban sani ba sai da na aika aka dawo hannu rabbana. Da na yi magana, matiron ta ce ai an saka a WhatsApp, kuma wai na fiye ƙorafi. Shin laifina ne, ko in ci gaba da tambaya?

AMSA: 'Yar'uwa, ci gaba da tambaya. A aikin asibiti, labari kayan aiki ne kamar safar hannu, kuma wanda ya tura ki ɗakin marasa lafiya ba tare da shi ba, bai ba ki haƙƙinki ba.

Matsalar ta girmi matiron ɗinki. Harkar lafiya a Najeriya hawa uku ce: asibitocin koyarwa a hannun tarayya, manyan asibitoci irin naku a hannun jiha, ƙananan cibiyoyi kuma an daɗe ana rabon su tsakanin ƙaramar hukuma da jiha, har sai da aka fito da manufar haɗa su ƙarƙashin hukuma ɗaya a 2011. Umarni kan taso daga ma'aikata, ya bi ta hukumar kula da asibitoci, ya sauka a teburin shugaban asibiti, a tattauna shi a taron safe. Wa ke zama a taron safe? Shugabannin sassa. Mai aikin dare a lokacin tana cikin adaidaita-sahu, barci na fizgarta. Masu shara da masu tura gado da masu gadi kuwa, ba a ma lissafa su, alhali su ne majinyaci ke fara tsayarwa ya tambaya.

Kada kowa ya ce miki wannan ƙaramin abu ne. Tun 2005 Najeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, ta koma haɗin da ke ɗauke da atemisinin, amma an yi shekaru ana ci gaba da rubuta tsohon a wurare da yawa. Canja manufa a Abuja daban, isar ta ga hannun da ke ba da magani daban. Ga kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma ma'aikatan jinya ne ya fara kamawa. A Janairun 2020 ya kashe likitoci biyu a Kano. Idan ana zargin wannan cuta a jikin wani da aka kwantar da rana, wadda za ta karɓi aiki da daddare ita ta fi kowa buƙatar sani, tun kafin ta taɓa shi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2007, ta sa bayanin miƙa majinyaci daga hannu zuwa hannu cikin matakai tara da ta fitar don kare lafiyar marasa lafiya.

Batun WhatsApp kuwa, ba na raina shi, yana da sauri. Amma ni ban ɗauke shi sanarwa ba. Saƙon ofis kan nutse tsakanin gaisuwar Juma'a da katin biki da tallan atamfa, kuma da kuɗin datarki ake so ki karanta shi. Wanda ya tura ya sauke nauyi a ganinsa, ko an gani ko ba a gani ba.

Ga abin da nake ba ki shawara. Kada ki sake tayar da maganar a gaban jama'a, domin babba ba ya son a nuna masa gazawa a idon na ƙasa da shi. Ki samu abokan aikin dare biyu ko uku, ku je ofishin matiron cikin ladabi, ku roƙi abu ɗaya tak: a ware shafi a littafin miƙa aiki, duk sabon umarni a rubuta shi da kwanan wata, mai miƙawa ta karanta a bayyane, mai karɓa ta sa hannu. Ba ya cin ko sisi. Ki nuna mata cewa ita ma kariya ce gare ta, domin ranar da aka yi kuskure, sa hannun ne zai nuna wa aka faɗa wa. Abin da ya shafi kuɗi kuma a liƙa shi a ƙofar ɗaki, da Hausa, don iyaye su karanta da kansu.

Idan ta ƙi, ku rubuta takarda ta hannun wakilin ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma na asibitinku, ku riƙe kwafi.