Amsoshin Tambayoyinku: Shin cin abinci a waje baƙuwar ɗabi'a ce ga Bahaushe?

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce a unguwarsu akwai wata mai tuwo-tuwo da suke cin abinci a wurinta shi da abokan aikinsa, har wurin ya zame musu majalisa. Amma mahaifinsa kan ce cin abinci a waje ba tarbiyyar Bahaushe ba ce, baƙi ne suka zo da ita. Yana so ya san ko haka ne, in kuma haka ne, me ya sa wurin mai abinci ke tara mutanen unguwa haka?

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Mahaifinka bai faɗi ƙarya ba, sai dai abubuwa biyu ne suka cakuɗe a maganar. Sayen dafaffen abinci daban, magidanci ya zauna a bainar jama'a yana ci kuma daban. Na farkon tsohon abu ne ƙwarai a ƙasar Hausa. Na biyun shi ne dattawa suke ƙyama, kuma suna da dalilansu.

Mu fara da sayen. A gidan Bahaushe na da, babban girki ɗaya ne a yini, wato tuwon dare. Da safe ɗumame ne, ko a aiki yaro ya sayo koko da ƙosai ko waina. Da rana a sayi fura a dama, ko ɗanwake, ko dambu. Masu yin wannan abinci kuwa matan aure ne a cikin gidajensu, yara na kai musu talla, ko a bi su har gida da kwano. Da ribar suke zuba adashi, suke tara wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu a kan wannan ciniki na cikin gida, ta nuna cewa kasuwa ce babba mai zaman kanta, ko da yake mai wucewa a titi ba ya ganinta.

Ko wurin da ake zama a ci ma ba jiya aka fara ba. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya bayyana abin da ya gani a kasuwar birnin kusa da mahauta: an hura wuta an kewaye ta da tsinkayen nama, tsoka da kitse a jere, mace tana raba wa masu saye suna tsugune kewaye da ita, ga kuma abin sha na gero ana sayarwa a gefe. Kusan shekara 80 ke nan kafin Turawa su ci Kano a 1903. Su wa ke ci a irin wannan wuri? Fatake, da 'yan kasuwar ƙauye, da duk wanda rana ta yi masa nesa da gida. Ayarin da ya sauka a zango dole ya ci abinci, kuma a kan hanyar fataucin goro zuwa Gwanja ne abincinmu ya bi mutanensa, shi ya sa har yau ake sayar da kokon Hausawa a titunan Accra da Kumasi.

To daga ina kunyar ta fito? Daga wurare uku. Na farko, ranar girki. Matar da ke da girki ta wuni a bakin murhu, in maigida ya dawo da cikinsa a cike ya ture kwanon, ya ci mata fuska, maƙwabta kuma za su ce gidan ba lafiya. Na biyu, ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci kan sa a fito da kwanon gidansa zuwa zaure ko dakalin ƙofar gida, a haɗa a ci tare. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ranar, ya ci ya ƙoshi ba wanda ya sani, baƙo ma ya samu rabonsa. Wanda ya zame ya tafi ya saya ya ci shi kaɗai, ya fita daga wannan zumunci, kuma ka san abin da Hausawa ke cewa: ci naka in ci nawa ba rowa ba ce, mugun zama ne. Na uku, malaman fiƙihu sun lissafa ci a tsakiyar kasuwa cikin abubuwan da ke rage kamalar mutum. Ba su ce haramun ba ne, kuma sun bar abin ga al'adar wuri da halin mai cin. Dattijon da ake girmamawa ba ɗaya yake da matafiyi ko ɗan dako ba.

Abin da ya sauya shi ne yawan mutanen da ke wuni nesa da tukunyar gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Sabon Gari ya kafu, ma'aikata suka cika gari. A 1957 masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri ta Kaduna. Ga 'yan ci-rani, ga ɗalibai, ga direbobi da 'yan kamasho a tasha. Leburan da ke da ɗan gajeren hutu da rana ba zai koma gida cin tuwo ba, gwauron da ke ɗakin haya kuma ya lissafa kuɗin gawayi da mai da cefane, ya ga saye ya fi masa sauƙi. A nan ne maganar mahaifinka take da ƙarfi: benci da tebur da faranti, da teba da sakwara da miyar agushi, yawanci 'yan kudu ne suka yaɗa su a biranenmu. Sai matanmu da samarinmu suka karɓi tsarin suka zuba nasu a ciki, tuwon shinkafa da miyar taushe, garau-garau da mai da yaji, gurasa bandashe a Kano, masa a Bauchi.

Saura batun majalisa. A birni zaure ya yi ƙaranci. Gidajen haya ba su da shi, inda yake ma sau da yawa an mayar da shi shago. Amma buƙatar da ciyayya ke biya ba ta tafi ko'ina ba, sai ta nemi wani wurin zama. Ka lura da yadda ciniki ke tafiya a wurin mai tuwon ku. Ba ta miƙa maka takardar farashi, cewa take yi, "Na nawa za a zuba?" Mai ɗari biyar ya ci, mai dubu biyu ya ci, a kan benci ɗaya. In kai na kullum ne, ta san ba ka son yaji da yawa, ta yi maka gyara da cokalin miya ko ɗan ƙashi. In wata ya yi nisa ta rubuta maka bashi, jinginarka kawai ita ce ta san ƙofar gidanku. A wurinta ake barin makulli da saƙo, a nan ake jin wa ya haihu, wa ke kwance, ina ake neman birkila. Almajirin da ke ɗebo mata ruwa da wanke kwanuka yana samun na bakinsa, ragowar tukunya kuma ba ta kwana. Da dare teburin mai shayi ya karɓi aikin, a yi ta muhawarar ƙwallo da siyasa a kan burodi da ƙwai. A Damagaram da Yamai samari na da irin wannan zama da suke kira fada, a kewaye da butar shayi.

Kada dai mu yi wa abin ado fiye da kima. Mai tuwo sana'a take yi, bashin da ya yi yawa yana karya jarinta, kuma ba kowane wuri ne mai tsabta ba. Ka duba ruwan da ake wanke kwanuka da shi, ka duba ko abincin a rufe yake kuma da zafinsa.

Saboda haka, ɗana, ka ci abincinka na rana a can ba tare da jin ka saɓa wa al'ada ba. Abin da mahaifinka ke karewa shi ne haƙƙin mai girki a gida da haƙƙin maƙwabci a cikin kwanonka, kuma duka biyun suna hannunka. Ka bar wa tuwon dare wuri a cikinka, ka biya bashinka da zarar albashi ya shigo, in wani ya zauna kusa da kai kuma ka ce masa bismillah da gaske.