Dinarin Burutus: Wuƙaƙe Biyu da Hula Ɗaya

A wannan darasi za mu duba wani ɗan ƙaramin kuɗin azurfa na Romawa, wato dinari, wanda nauyinsa bai kai giram 4 ba, da kuma mutumin da ya sa aka buga shi.

Sunan mutumin Markus Yuniyus Burutus, ɗan Majalisar Dattawan Roma. A lokacin yaƙin basasa ya bi bayan abokan gaban Yuliyus Kaisar, amma da Kaisar ya ci nasara a shekara ta 48 kafin haihuwar Almasihu, sai ya yafe masa, har ya ba shi muƙami. A farkon shekara ta 44 aka naɗa Kaisar mai mulki har iyakar ransa, aka kuma buga hoton kansa a kan kuɗi, abin da ba a taɓa yi wa mai rai ba a birnin Roma. Dattawa da dama suka ce wannan halin sarakuna ne. Ran 15 ga Maris, Burutus da Kasiyus da 'yan'uwansu suka kashe shi da wuƙaƙe a wurin zaman majalisa.

A shekara ta 42 Burutus yana gabas da rundunarsa, yana bukatar kuɗin biyan sojoji. Sai ya sa aka buga wannan dinari. A gefe ɗaya akwai wuƙaƙe biyu, a tsakaninsu hular da ake ba bawa ranar da aka 'yanta shi. A ƙasa an rubuta EID MAR, wato 15 ga Maris. Nufinsa shi ne, wuƙa ce ta 'yantar da Roma.

To, amma mu juya ɗaya gefen. Hoton wa ke nan? Na Burutus ne da kansa! Abin da aka zargi Kaisar da shi, shi ma ya yi. Gaskiyar Hausawa da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A watan Oktoba na wannan shekarar, Markus Antoniyus da Oktabiyan suka ci rundunarsa da yaƙi a Filibi ta ƙasar Makidoniya, Burutus ya kashe kansa. Oktabiyan kuwa shi ne ya zama Kaisar Augustas. Mulkin mutum ɗaya da Burutus ya zubar da jini don hanawa, sai ga shi ya kafu sosai.

Tambayoyi don nazari:
1. Me hular nan take nufi ga Romawa?
2. Idan aka ba ka shugabanci, wane hali ne kake zargin wasu da shi wanda ya kamata ka fara bincikawa a kanka?