Daga Kano Zuwa Jidda

A zamanin da, in mutumin Gumel ko Maigatari ya yi niyyar Hajji, sai ya yi sallama da iyalinsa kamar wanda ba zai komo ba. Ya kora jakinsa ya nufi gabas, ya bi ta Borno, ya ratsa ƙasar Cadi, ya faɗa Sudan. In guzuri ya ƙare, sai ya tsaya ya yi ƙodago har ya sami na gaba. Akan yi shekaru kafin a kai bakin Bahar Maliya, a ƙetare zuwa Jidda. Waɗansu ma ba su komo ba, jikokinsu suna can Sudan har yau.

Cikin 1925 jirgin sama ya fara sauka Kano. Jirage uku ne na sojan Ingila, daga Masar suka taso. Sannu a hankali alhazai suka bar hanyar ƙasa suka koma ta sama.

To, bari mu yi lissafi. Tsakanin Kano da Jidda, in an miƙe sak, wajen kilomita 3,400 ne, wato kamar a je Kano daga Gumel fiye da sau 25. Babban jirgi yakan ci kilomita 800 cikin sa'a guda. Ku raba 3,400 da 800, za ku sami sa'a huɗu da kwata. Amma jirgi ba ya cikakken gudu sa'ad da yake hawa ko sauka, saboda haka tafiyar takan kai wajen sa'a biyar. Wani lokaci takan fi haka. Da yaƙi ya tashi a Sudan cikin 2023, aka hana jirage ratsa samanta, tilas jiragen alhazai suka yi ta zagaye.

Ga wani abin mamaki. A ce wani maniyyaci daga Gagarawa ya tashi Kano da ƙarfe 8 na safe. Da ya sauka Jidda ya dubi agogonsa, ya ga ƙarfe 1, ya ce azahar da saura. Ashe a can ƙarfe 3 ne, la'asar ta kusa! In bai yi hanzari ba, sai lokacin salla ya kuɓuce masa.

Ina sa'a biyun nan suka shiga? Duniya tana juyawa ne zuwa gabas, mutanen gabas kuwa su ke riga mu ganin rana. Sa'ad da alfijir ya keto a Jidda, mutanen Sule Tankarkar suna barci tukuna. Shi ya sa agogon Jidda ya wuce namu da sa'a biyu. In alhaji ya sauka, sai ya tura agogonsa gaba, ran komowa gida kuma ya mai da shi baya.

Tambaya: Jirgi ya bar Jidda da ƙarfe 10 na safe, ya yi sa'a biyar a sama. Ƙarfe nawa masu tarye za su gan shi a Kano?